Shaida ta Uku a Gidan Ubaidu

A shekarar da aka ba wani kamfanin safiyo kwangilar sabunta taswirar ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Dayi, an tarar da wurare da yawa waɗanda kowa ya sani amma babu su a takarda, da kuma wasu da ke takarda amma ba wanda ya san inda suke. Gidan Ubaidu bai dace da ko ɗaya ba. Babu shi a tsohuwar taswirar Turawa, domin sun tafi kafin a kafa shi, kuma babu shi a ƙasa, domin mutanensa sun watse tun zamanin soja, lokacin da rijiyarsu ta rufta. Abin da ya rage shi ne tsamiya ɗaya da masara ta ko'ina. Masarar ta Alhaji Shitu ce, wanda ya sayi gonakin ɗaya bayan ɗaya da shaidu da komai, kuma direbobin hanyar sun daɗe suna kiran wurin Gonar Shitu.

Duk sunan da ya shiga sabuwar taswira, shi za a rubuta a allon bakin titi, kuma da shi yara za su tashi. Malam Mahadi ya riga kowa gane haka. Shi ne ɗan farin marigayi Ubaidu, mutumin da ya sari dajin ya kafa ƙauyen a lokacin da auduga take da daraja. Ubaidu bai yi karatun da za a ce masa Malam ba, bai je Makka ba balle a ce masa Alhaji, bai kuma riƙe ko sarautar noma ba. Sunansa kaɗai yake da shi, shi ya bar wa wurin ya tafi. Malam Mahadi yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Malumfashi, kuma shi ne shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Gidan Ubaidu, wadda take zama duk bayan sallah domin ciyar da wurin da ba kowa a cikinsa gaba.

Wadda kamfanin ya turo yankin sunanta Adaku. A Funtua aka haife ta, bayan tashar jirgin ƙasa, inda mahaifinta yake sayar da kayan gyaran injin niƙa. Tana yawo ƙauye ƙauye a bayan babur, da malafa a ka, da wata na'ura mai kama da babbar waya a cikin jaka.

Ƙa'idar aikinta gado ce daga safiyon Turawa: ba a rubuta suna sai mutum uku sun shaida shi. A wancan zamanin dagaci da liman da malamin haraji sun wadatar, ko da ba su taɓa taka wurin ba. Kamfanin ya ƙara nasa sharuɗɗa, saboda an taɓa samun ma'aikacin da ya zauna a ɗakin otal ya haifi ƙauyuka da alƙalami. Yanzu dole mai shaida ya kasance ya taɓa zama a wurin, ya zo ya tsaya a wurin da ƙafarsa, ya faɗi sunan da bakinsa, na'ura ta ɗauki muryarsa tare da inda yake tsaye. Idan tsohon suna ya sami mutum uku, shi ne gaba. Idan bai samu ba, sai a rubuta abin da jama'a ke faɗa yau. Gonar Shitu ta riga ta sami nata ukun, domin ma'aikatan da ke kwana a rumbun Alhaji sun faɗa ba tare da an roƙe su ba.

Malam Mahadi ya tari Adaku a gindin tsamiyar da hantsi, cikin babbar riga, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya gyara murya ya fuskanci na'urar.

“Ni Mahadi Ubaidu, haifaffen wannan wuri, ina shaida cewa sunansa Gidan Ubaidu. Idan muka koma tarihi, za mu ga cewa tun kafin...”

“Ya isa, Malam,” in ji Adaku. “Ta ɗauka.”

“Ai ban shiga bayanin ba tukuna.”

“Sunan kawai take ci. Sauran ɓata mata ciki yake yi.”

Shaida na biyu wani tsohon Bayarabe ne, Baba Raufu, wanda ya yi shekaru a ƙauyen yana sayen auduga a kan sikeli, yanzu kuma yana da kantin kayan shayi a Dayi. Malam Mahadi ne ya ɗauko shi. Baba Raufu ya riƙe na'urar da hannu biyu ya kusanto da ita bakinsa kamar zai sha.

“Gidan Ubaidu. Nan ne Gidan Ubaidu, ko makaho ya sani. Allah ya jiƙan Ubaidu, mutumin kirki ne. Bai taɓa sa mani dutse a buhun auduga ba. Ruwa kawai yake yayyafa mata ta yi nauyi.”

“A goge wannan na ƙarshen,” in ji Malam Mahadi.

“Ba ta gogewa,” in ji Adaku. “Saura mutum ɗaya.”

Nan ne lissafi ya tsaya. Dattawan ƙauyen duk sun rasu. Akwai wani tsoho a Legas da ba ya tashi daga kwance. 'Yan ƙungiyar Malam Mahadi kuwa duk a Dayi aka haife su bayan an tashi, ta tagar mota suka san wurin.

“Akwai Inna,” in ji Malam Mahadi.

Baba Raufu ya dube shi ya yi dariya har da riƙe tsamiya.

“Hansai? Hansai za ta tsaya nan ta ce sunan mijinta? Malam, ka fi ni boko, amma na fi ka daɗewa da sanin uwarka. Gara ka je Legas ka ɗauko wancan da gadonsa.”

Washegari Malam Mahadi ya kai Adaku gidan mahaifiyarsa a Dayi. Sun sami Inna Hansai a tsakar gida tana tsince waken suya a faifai. Ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Tun da aka kai ta ɗakin Ubaidu tana yarinya ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta, yana raye ko bayan ransa. Shi kansa Mahadi, da yake ɗan fari ne, bai taɓa jin nasa sunan daga gare ta ba. “Kai” take ce masa in yana kusa, “wancan” in yana nesa, kuma da haka ya yi digiri.

“Inna, ga baƙuwa daga masu aikin taswira.”

“Sannu da zuwa, 'yar nan. Ɗiyar wa ce ke?”

“Ɗiyar Onyedika ce, Inna, mai kayan injin niƙa a Funtua.”

“Kin ji. Ta faɗi sunan uban tsaf, ko tari ba ta yi ba.”

“Ni nakan faɗa, Inna. Mamata ce ba ta faɗa.”

Hansai ta ɗago kai daga faifan. “Ashe ku ma kuna da kunya?”

“Kaɗan. Ba mu kai ku ba.”

“To me take ce mashi?”

“Baban Chinaza. Chinaza yayata ce, ita ce ta fari.”

“Da sunan 'yar fari take kiran miji?” Hansai ta girgiza kai. “Ai ta tsallake rami ɗaya ta faɗa na biyu. Zauna, ga tabarma. Kai, kawo mata ruwa.”

Malam Mahadi ya kawo ruwa, sannan ya zauna ya yi bayani kamar yadda yake yi wa 'yan aji uku, da gabatarwa da misalai. Hansai ta ci gaba da tsintar wake har ya gama. Ba shi ta ba amsa ba, sai ta dubi Adaku.

“In ban faɗa ba fa?”

“Sai a rubuta Gonar Shitu, Inna.”

“A rubuta a ina?”

“A taswira, da allon bakin titi. Shi ke nan ya zauna.”

Hannun Hansai ya tsaya a kan faifan. “Shitun da ubansa ke zuwa aron galma gidanmu.”

“Shi fa, Inna,” in ji Malam Mahadi, ganin ƙofa ta buɗe. “Kalma biyu ce kawai. Ko numfashi ɗaya ba za ta cinye ba.”

“Ba da kai nake ba.”

Bai karaya ba. Da la'asar ya je wurin limamin unguwa ya dawo da fatawa: babu aya ko hadisin da ya hana mace ambaton sunan mijinta, al'ada ce kawai, kuma lalura tana ɗage al'ada. Ya kawo wa uwarsa wannan da fara'ar wanda ya ci shari'a.

“Ni na ce maka akwai aya?” in ji Hansai. “Koma ka tambayi liman ko ya taɓa jin uwarsa ta kira ubansa da suna. In ya ce ya ji, ka zo ka faɗa mani, in san irin gidan da ya fito.”

Malam Mahadi bai koma ba.

Adaku ta gwada tata hanyar. Ta fita ƙofar gida ta kira manajanta a Abuja, mutumin da bai taɓa wuce Zuba ba. Ta tambaye shi ko za a yarda ɗan ya faɗi sunan, uwar ta ce haka ne.

“Matar ba ta san sunan mijinta ba ne?” ya tambaya.

“Ta sani, yallaɓai.”

“To ta faɗa mana.”

“Ba za ta iya ba.”

“Bebiya ce?”

“Ko kusa. Tun ɗazu take magana.”

Manajan ya ce waɗanda suka ba da kwangilar suna sauraren muryoyin da kansu, kuma “haka ne” ba sunan gari ba ne. Idan shaida ta ƙi magana, a rubuta ta ƙi. Ya ƙara da cewa aikin yankin zai rufe ƙarshen mako, kuma akwai ƙauyukan da mutanensu ke son a rubuta su.

Da Adaku ta koma ciki ta faɗi yadda aka yi, Hansai ta kakkaɓe zanenta ta miƙe.

“Ku kai ni gobe,” ta ce. “Ban ce zan faɗa ba. Na ce ku kai ni.”

Labari ya kai kunnen Alhaji Shitu kafin magariba, kamar yadda labari kan yi a Dayi. Da safe sai ga shi da kansa a ƙofar gida da motarsa ta ɗaukar buhuna. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida tsohuwa.

“Inna, wallahi ba ni na sa wa wurin sunana ba. Direbobi ne. Idan kin faɗa yau, ni da hannuna zan haƙa ramin allon.”

Ya faɗi wannan da zuciya ɗaya, da kwanciyar hankalin mutumin da shi ma tsohuwa ce ta haife shi, ya kuma san abin da tsohuwa za ta iya da abin da ba za ta iya ba. Aka sa Hansai a gaba, Adaku kusa da ita, Malam Mahadi da babbar rigarsa a baya inda ake ɗora taki.

Masara ta yi tsayi a lokacin, har ta fara bushewa daga ƙasa. Suka bi wata siririyar hanya zuwa tsamiyar, Hansai a gaba, ba ta nemi a nuna mata ba. Da suka isa ta tsaya ta dubi gabas ta dubi yamma, sannan ta juyo ga mazan.

“Ku koma bakin titi.”

“Inna, ni ne fa shugaban...”

“Kai da Alhaji duka. In na hango hular ɗayanku, mun tafi gida.”

Suka koma. Adaku ta shimfiɗa mata ɗankwali a kan saiwar tsamiya, ita ma ta zauna kusa da ita, ta kunna na'urar ta ajiye a kan gwiwarta.

“Inna, ba sai kin ɗaga murya ba. Ko raɗa kika yi tana ji. Ni ma in kina so sai in toshe kunnena.”

“Wa zai saurara bayan ke?”

“Wasu mutane a Abuja.”

“Sun san shi?”

“Ba su san shi ba.”

“To.” Hansai ta dubi masarar. “Nan inda kike zaune, nan yake ɗaure jakinsa. Jakin ya fi shi haƙuri. Ɗakina yana can, inda wancan karan ya karye. Ranar da aka kawo ni ba komai a nan sai bukka biyu da kukan kura. Na yi kuka na ce a mayar da ni Tsiga gidanmu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in yi haƙuri, nan gari zai zama. Ƙarya yake yi, bai san ko zai zama ba. Haka yake, in ya faɗi abu sai ya zauna yana jiran abin ya ji kunya ya faru.”

“Ya faru kuwa.”

“Ya faru kaɗan. Mun kai gida goma sha wani abu. Har mai shayi mun yi.” Ta gyara zama. “Ba wani mutumin a-zo-a-gani ba ne, kar wancan ya ruɗe ki da tarihi. Gajere ne, ga faɗa, ga son a ce shi ya fara. Da rijiya ta rufta kowa ya tashi, mu ne na ƙarshe. Sai da na yi wata da watanni ina ɗauko ruwa daga rafi a kaina, saboda shi ba zai bar garin da ke da sunansa ba. Da muka koma Dayi bai ƙara wata lafiyar kirki ba. Kullum da yamma sai ya fito bakin titi yana tambayar direbobi ko sun biyo ta nan, don kawai ya ji sun faɗa.”

Adaku ta duba na'urar, tana nan tana ɗauka.

“Matso da ita,” in ji Hansai.

Adaku ta matso da ita. Tsohuwar ta share bakinta da gefen mayafi, ta yi bisimilla a hankali.

“Ni Hansai, na zauna a nan, na haihu a nan, na binne 'ya'ya biyu a nan. Sunan wurin nan Gidan...”

Ta tsaya. Leɓɓanta suka haɗu suka rabu. Wata iska ta bi ta cikin masarar ta wuce. Daga bakin titi ana jin muryar Malam Mahadi yana yi wa Alhaji Shitu bayanin wani abu.

“Gidan...” ta sake cewa, sannan ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. “Kin gani? Ba ƙi na yi ba.”

“A hankali, Inna. Ba sauri muke ba.”

“Ba sauri ba ne, 'yar nan. Ranar da ya faɗi a gona, ina hango shi daga can, na ƙwala kira mutane su zo. Ko a ranar ban kira shi ba. ‘Ku zo, ya faɗi’ na ce, kuma kowa ya san wa nake nufi. Ranar da ya cika ina riƙe da kansa, ban kira shi ba. In na faɗa yau saboda allon bakin titi, to duk wancan me na yi ke nan? Wasa?”

“Amma kin ce yana son ya ji ana faɗa.”

“Daga bakin direba. Da ya ji daga bakina da ya tambaya ko na sami wani mijin ne.” Ta miƙa hannu ta ture na'urar kaɗan, ba da faɗa ba. “Kashe ta. Ya riƙe garinsa har ya rufta, ni ma a bar ni in riƙe nawa.”

Adaku ta kashe. Suka ɗan zauna. Hansai ta tsinci tsamiya guda da ta faɗo, ta ɓare ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce har yanzu ba ta gyaru ba. Sannan ta dafa kafaɗar Adaku ta miƙe.

A bakin titi Malam Mahadi ya dubi fuskar Adaku ya gane. Ya juya ga uwarsa.

“Inna, kin san abin da kika yi? Kin ba Shitu garin Baba.”

“Shitu ya saya tun kana makaranta. Ni ban sayar da komai ba.”

“Kalma ɗaya, Inna. Mutum ya sari daji da hannunsa, a ce matarsa ce ta goge shi daga taswira.”

“Kai ka faɗa ai, ga shi a katinka, ga shi a ƙofar ofishinka. Ka ci gaba da faɗa.” Ta buɗe ƙofar motar da kanta. “Alhaji, kai ni gida, na bar wake a rana.”

Duk hanyar Alhaji Shitu ya yi ƙoƙari ƙwarai kada fuskarsa ta nuna komai. Malam Mahadi ya ƙi shiga motar. Ya tsaya a bakin titi da babbar rigarsa har ya sami babur.

Adaku ta aika da rahotonta a ƙarshen mako: tsohon suna, shaida biyu, sabon suna, shaida uku. Ta tura muryar Hansai duka yadda take, da jakin da rijiyar da komai, ko da wani a Abuja zai saurara har ƙarshe. Ba wanda ya kira ta a kai. Ƙungiyar Ci Gaban Gidan Ubaidu ta yi taron gaggawa, ta yi Allah wadai da kamfanin, ta kuma yanke shawarar ci gaba da amfani da sunanta. Malam Mahadi ya yi makonni bai taka Dayi ba, sai dai ya aiko da cefane ta hannun matarsa. Hansai ta karɓa ta ce a gaida wancan.

Bayan an gama girbi aka kafa allon, kore da farin rubutu: GONAR SHITU. An kafa shi ɗan nesa da inda ya kamata, amma ba wanda ya yi ƙorafi.

Wata ranar kasuwa Hansai ta shiga bas daga Dayi za ta Malumfashi a duba mata ido. Kusa da ita wata mata ce mai jiki, da kwandon abinci a cinya. Hajiya Nana ce, matar Alhaji Shitu. Motar gidan tana wurin makaniki, ga masu casar masara suna jiran abincin rana a gona. Suka gaisa, aka tambayi yara da jikoki. Da bas ta fara kusantar wurin, Hajiya Nana ta taɓa kafaɗar kwandasta.

“Zan sauka a gonar Alhaji.”

“Wane Alhajin, Hajiya? Hanyar nan daga nan har Malumfashi duk gonakin alhazai ne.”

“Gonar Alhajin gidanmu.”

“Ni sabo ne a layin nan, ban san gidanku ba. Ki faɗi sunan da ke allo.”

“Can gaba kaɗan, inda aka kafa sabon ƙarfe.”

“Duk sababbi ne, Hajiya, bana aka kafa su. Wanne?”

Hajiya Nana ta gyara mayafinta ta dubi taga. Wani saurayi a baya ya fara dariya. Direba bai rage gudu ba, ga tsamiyar ta fara bayyana daga nesa a tsakiyar karan da aka sare.

Hansai ta san wannan halin. Shekarun da ta yi a ƙauyen, duk lokacin da ta dawo daga kasuwa sai dai ta ce wa direba gaba kaɗan, baya kaɗan, wajen bishiya, kuma sau da yawa an wuce da ita ta dawo a ƙasa da kaya a kai. Ba ta taɓa iya gaya wa kowa sunan inda take ba. Ta dubi Hajiya Nana, ta dubi kwandon abincin, sannan ta buga jikin motar da tafin hannu.

“Direba, Gonar Shitu akwai mai sauka.”

Ya fito mata sumul, ba tuntuɓe. Bas ta tsaya daidai allon. Hajiya Nana ta sauka da kwandonta, ta sunkuyo ta taga.

“Na gode, Inna.”

“Ba komai. Ki riƙa tahowa da wani, ko ki koyi tafiyar ƙasa. Abin ba ya sauƙi da tsufa.”

Kwandasta ya rufe ƙofa. Hansai ta bi tsamiyar da ido har ta ɓace a bayan motar, sannan ta gyara zama, ta ce wa saurayin da ke baya ya janye gwiwarsa daga bayanta.